Bayanan ɓoye da ke cikin hoto: yadda za ku gan su da yadda za ku share su kafin ku tura

Gabatarwa

A da, in mutum ya je wurin mai ɗaukar hoto a cikin gari, yakan karɓo hotonsa a kan takarda. In ya juya bayan takardar, sau da yawa sai ya tarar da hatimin mai hoton, da sunan gari, wani lokaci har da kwanan wata. Duk wanda aka miƙa wa hoton yana iya juya shi ya karanta abin da ke baya.

Hoton da kuke ɗauka da salula shi ma yana da irin wannan rubutu na baya. Bambancin shi ne, ido ba ya ganinsa a kan hoton, kuma ba ku ne kuka rubuta shi ba. Salular ce take rubuta shi da kanta a duk lokacin da kuka danna maɓallin ɗauka. Wani sa'i wannan rubutu yana faɗin ranar da aka ɗauki hoton kawai. Wani sa'i kuma yana nuna ainihin gidan da kuke zaune.

Wannan bayani zai nuna maku abin da ake rubutawa, da yadda za ku duba shi da kanku, da yadda za ku share shi kafin hoton ya bar hannunku. Ba ya buƙatar kuɗi, ba ya buƙatar dogon karatu.

1. Mi ake nufi da bayanan ɓoye?

Hoton salula ba zane kaɗai ba ne. Ƙunshi ne da ake kira fayil. A cikin fayil ɗin akwai kashi biyu: abin da ido yake gani, da kuma wasu layukan rubutu da lambobi da ke bayani a kan hoton. Waɗannan layuka su ne bayanan ɓoye. Masana suna kiran su metadata, da Faransanci kuma métadonnées.

Ku ɗauki misalin buhun albasa da ake ɗorawa a mota daga Galmi zuwa wata ƙasa. Albasa tana ciki, amma a jikin buhun an sa alamar mai kaya domin kada ya ɓace. Duk inda buhun ya je, alamar tana tare da shi. Haka bayanan ɓoye suke bin hoto.

Akwai tsari guda da kusan dukan kyamarori da saluloli suke bi wajen rubuta waɗannan bayanai. Sunansa EXIF. Ƙungiyar masana'antun kayan lantarki ta ƙasar Japan ce ta fito da shi a shekarar 1995. Ba da mugun nufi aka yi shi ba. Amfaninsa shi ne mai hoto ya san yaushe ya ɗauki hotonsa da yadda ya saita kyamara, kuma na'ura ta iya jera hotuna bisa kwanan wata. Illar ta bayyana ne daga baya, lokacin da kyamara ta shiga cikin salula, salula kuma ta koyi sanin inda mai ita yake tsaye.

2. Waɗanne abubuwa ake rubutawa?

Abin da ake rubutawa yakan bambanta daga wata salula zuwa wata. Amma galibi za a samu:

- ranar da aka ɗauki hoton, da sa'a, da minti, har da daƙiƙa;
- sunan kamfanin da ya ƙera salular da samfurinta, kamar Tecno, Itel, Infinix, Samsung ko iPhone;
- girman hoton da yadda aka saita haske;
- wurin da aka ɗauki hoton, in an ba kyamara izinin sanin wuri;
- wani ɗan ƙaramin kwafin hoton, wanda salula take nunawa a cikin jerin hotuna;
- a wasu manyan kyamarori, lambar na'urar da sunan mai ita.

Sunan fayil ɗin kansa yakan ɗauki kwanan wata. In kuka ga suna mai lambobi kamar 20240315, ma'anarsa 15 ga watan Maris na 2024. Bidiyo ma yana ɗauke da irin waɗannan bayanai, har da wuri.

Cikin dukan waɗannan, wuri shi ne mafi hatsari. A kansa za mu fi tsayawa.

3. Yaya salula take sanin inda kuke?

A sararin samaniya akwai taurarin ɗan Adam na wani tsari da ake kira GPS, mallakar ƙasar Amurka. Sun fi 24, suna kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,000 daga ƙasa. Kowanne yana aiko da sigina dare da rana. In salularku ta kama siginar huɗu daga cikinsu, sai ta yi lissafi ta gano inda take. A fili, inda babu rufi, kuskuren lissafin bai cika wuce ƴan mitoci ba.

Abin lura: wannan aiki ba ya cin kuɗin waya, kuma yana iya gudana ko babu intanet. Ko kuna cikin daji inda kira ba ya shiga, salula tana iya sanin wurin ta rubuta shi cikin hoto.

Ana rubuta wuri da lambobi biyu. Ta farko tana nuna nisa zuwa arewa ko kudu, ta biyu zuwa gabas ko yamma. Garin Maradi yana wajen 13.5 da 7.1. Damagaram tana wajen 13.8 da 9.0. Tawa tana wajen 14.9 da 5.3, Yamai kuma wajen 13.5 da 2.1. Waɗannan gajerun lambobi gari kawai suke nunawa. Amma salula ba gajerun lambobi take rubutawa ba. Tana ƙara wasu da yawa bayan ɗigo, kuma kowace lamba da aka ƙara tana ƙara matse wurin, daga gari zuwa unguwa, daga unguwa zuwa gida. Wanda ya samu lambobin, in ya sa su cikin taswirar salularsa, kamar Google Maps, nan take zai ga wurin da hanyar da za ta kai shi.

Ƙananan saluloli masu maɓallai galibi ba su da GPS, don haka ba su rubuta wuri. Manyan saluloli na shafawa kusan dukansu suna da shi. Ranar da aka fara buɗe kyamarar sabuwar salula, takan yi tambaya ko an yarda ta yi amfani da wuri. Mutane da yawa sukan danna amincewa ba tare da sun karanta ba, ko kuma mai shagon da ya saita masu salular ya danna a madadinsu. Daga ranar, kowane hoto yana ɗauke da wurinsa.

4. Ina illar take?

An ga illar wannan abu a wasu ƙasashe, kuma labarai biyu sun shahara.

A shekarar 2007, lokacin yaƙin Iraƙi, wasu sojojin Amurka sun ɗauki hotunan sababbin jirage masu saukar ungulu a sansaninsu, suka sa a intanet. Rundunar sojan Amurka ta bayyana a 2012 cewa abokan gaba sun karanta wurin daga cikin hotunan, suka harbo makamai suka lalata jirage huɗu.

A watan Disamba na 2012 kuma, wani attajiri mai suna John McAfee, wanda ya yi suna wajen ƙera manhajar kare kwamfuta, ya gudu daga ƙasar Beliz ta Amurka ta Tsakiya, inda ƴan sanda suke nemansa domin yi masa tambayoyi. Ƴan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa, suka manta ba su share bayanan ɓoye ba. Cikin ɗan lokaci masu karatu suka gano yana ƙasar Gwatemala. Bayan kwanaki kaɗan hukumomin ƙasar suka kama shi. Mutum ne masanin kwamfuta, amma hoto guda ya tona inda yake.

Kada ku ce wannan sha'anin sojoji da attajirai ne. Ku dubi hotunan da muke turawa kullum:

- Makiyayi ko mai kiwo yana son sayar da sa ko rago, sai ya ɗauki hoton dabbar a cikin garke ya tura wa dillalin da bai taɓa gani ba. Tare da hoton, ya tura wurin da dabbobinsa suke kwana. A yankunan kan iyaka kamar Madarunfa da Gidan Rumji, inda aka sha fama da satar shanu da sace mutane don neman kuɗin fansa, wannan ba ƙaramin sirri ba ne.
- Mace mai sana'ar cikin gida, mai sayar da turare, atamfa ko kayan ɗaki, tana tura hoton kayanta ga masu saye. Ba ta yi niyyar sanar da baƙon namiji ƙofar gidan mijinta ba.
- Ma'ajin ƙungiya yana ɗaukar hoton akwatin asusu ko buhunan bankin hatsi domin shaida. Hoton yana nuna ɗakin da ake ajiye dukiyar jama'a.
- Macen da ta bar gidan da ake cutar da ita ta fake wurin dangi, sai ta tura hoton yara. Wanda take gudu yana iya gano inda take.
- Wanda ya ɗauki hoton wata ɓarna domin ya kai ƙara ba tare da an san shi ba. Samfurin salularsa da sa'ar da ya ɗauka suna iya nuna ko shi wane ne.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ma haka yake: in ya fita, ba ku da ikon maido shi, kuma ba ku san hannu nawa zai bi ba.

5. Ku duba da idonku

Kafin komi, ku gwada wannan a kan salularku.

A salular Android, wato irin su Tecno, Itel, Infinix da Samsung: ku buɗe ma'ajiyar hotuna, ku zaɓi hoto guda da kuka ɗauka da kanku. Ku nemi ɗigo uku da ke wata kusurwa ta allo, ko alamar harafin «i» cikin da'ira, ku danna. In salular tana cikin Faransanci, ku nemi kalmar «Détails». A wasu saluloli, jan hoton sama da yatsa ya isa.

A iPhone: ku buɗe hoton, ku danna alamar «i», ko ku ja hoton sama.

Za ku ga kwanan wata da sunan salula. In kuka ga ƴar taswira, ko sunan unguwa, ko dogayen lambobi biyu, to kyamararku tana rubuta wuri. In karatun ya yi maku wuya, ku nemi malamin ajinku ko wani amintacce ya duba tare da ku. Sau ɗaya za a nuna maku, ku riƙe.

6. Mataki na farko: ku hana kyamara rubuta wuri

Rigakafi ya fi magani. Abin da ba a rubuta ba, ba ya buƙatar sharewa.

A Android akwai hanyoyi biyu. Ta farko: ku buɗe kyamara, ku danna alamar saiti mai kama da haƙoran inji, ku nemi layin da ke maganar wuri, galibi da kalmar «Localisation», ku kashe shi. Ta biyu ta fi ƙarfi: ku shiga «Paramètres», ku shiga jerin manhajoji, ku zaɓi kyamara, ku shiga wurin izini, ku hana ta sanin wuri. Sunayen layukan sukan ɗan bambanta bisa ga samfurin salula, amma hanyar ɗaya ce.

A iPhone: ku shiga «Réglages», sannan sashen sirri, sannan «Service de localisation», ku zaɓi kyamara, ku danna «Jamais».

Ku riƙe abubuwa biyu. Na ɗaya, wannan mataki yana aiki ne a kan hotunan da za ku ɗauka nan gaba. Tsofaffin hotuna suna nan da wurinsu. Na biyu, in an gyara salular, ko an wanke ta, ko kun sayi wata, ku sake dubawa, domin saitin yana iya komawa yadda yake.

Hana kyamara sanin wuri ba ya hana kira, ba ya hana WhatsApp, ba ya rage kyan hoto.

7. Mataki na biyu: ku share bayanan hoton da aka riga aka ɗauka

Ga hanyoyi huɗu. Ku zaɓi wadda ta dace da abin da ke hannunku.

*Hanya ta ɗaya: ɗaukar hoton allo.* Ita ce mafi sauƙi, kuma tana yiwuwa a kowace babbar salula. Ku buɗe hoton ya cika allo. A yawancin salulolin Android, ku danna maɓallin kunnawa da na rage murya lokaci guda. Salula za ta yi sabon hoto na abin da ke kan allo. Wannan sabon hoto ba ya gadon wurin da ke cikin na asali. Ku yanke gefunansa domin kada wani abu na allonku ya fito, sannan ku tura shi. Kyansa yakan ɗan ragu, amma ya isa a ga rago ko atamfa. Ku kula kada ku yi kuskure ku tura na asali, domin su biyun suna kama da juna a cikin jeri.

*Hanya ta biyu: cire wuri lokacin turawa.* A iPhone, tun daga tsarin da ya fito a 2019, in kun danna alamar turawa za ku ga kalmar «Options» a sama. Ku shiga ku kashe wuri. Salulolin Samsung na baya-bayan nan su ma suna ba da damar cire wuri, ko lokacin turawa ko a cikin «Détails». Wannan hanya wuri take cirewa. Kwanan wata da sunan salula sukan saura.

*Hanya ta uku: kwamfuta.* In ƙungiyarku tana da kwamfuta mai Windows, ku danna hoton da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi «Propriétés», sannan «Détails». A ƙasa akwai layin da ke cewa a share bayanan sirri. Ku danna shi, ku zaɓi yin sabon kwafi marar bayanai. Na asali zai saura yadda yake. Ma'aikatan da ke sarrafa hotuna da yawa suna iya amfani da ExifTool, manhajar kyauta da Phil Harvey ya fito da ita a 2003, wadda take share bayanan hotuna masu yawa lokaci guda.

*Hanya ta huɗu: manhajar sharewa a salula.* Akwai ƙananan manhajoji da aka yi don wannan aiki, kamar Scrambled Exif ta Android. Amma ku yi hattara. Manhajar share bayanan hoto ba ta da dalilin neman lambobin mutanenku ko saƙonninku. In ta nema, ku cire ta. Haka kuma ku guji shafukan intanet da ke cewa ku ɗora masu hoto su share maku, domin kun riga kun ba su hoton da dukan abin da ke cikinsa.

Akwai abubuwan da mutane suke zaton suna sharewa, alhali ba su sharewa. Canza sunan hoto ba ya taɓa bayanan da ke ciki. Yanke gefen hoto ko ƙara masa haske galibi yana barin wurin yadda yake. Har ma wasu manhajojin gyara sukan bar ɗan ƙaramin kwafin nan na asali, wanda ke nuna abin da aka yanke.

Bayan kun share, ku buɗe sabon hoton ku sake duba «Détails». In babu taswira kuma babu lambobin wuri, sai ku tura.

8. Hanyar da kuka bi wajen turawa tana da muhimmanci

Hoto guda yana iya isa da bayanansa ko ba tare da su ba, bisa ga hanyar da ya bi.

In kun tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, wato a matsayin hoto, manhajar tana rage nauyinsa ta zubar da bayanan ɓoye. Amma in kun tura shi a matsayin «Document», domin kada kyansa ya ragu, fayil ɗin yana tafiya yadda yake, da duk abin da ke cikinsa. Haka Telegram take: hoto ana share shi, fayil ba a taɓa shi. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. In baƙo ya matsa maku cewa lallai sai ta «Document» yake son hoton, ku share bayanan tukuna.

Facebook da Instagram suna cire wuri daga kwafin da jama'a suke gani. Sai dai kamfanin da kansa yana iya karanta bayanan lokacin da hoton ya iso gare shi.

Imel, da Bluetooth, da manhajojin turawa tsakanin salula da salula irin su Xender, da waya mai haɗa salula da kwamfuta, galibi kwafe fayil ɗin suke yi ba tare da canji ba. Katin memori ma haka. In kun ba mai tura waƙoƙi katinku a kasuwa, ko kun bar salula a buɗe wurin mai gyara ko mai caji, dukan hotunanku da wurarensu suna hannunsa. Ku cire katin kafin ku miƙa salula, ku kuma kulle allo da lambar sirri.

Kamfanoni sukan canza yadda manhajojinsu suke aiki. Saboda haka kada ku dogara da cewa manhaja za ta share maku. In hoton yana da nauyi a gare ku, ku share da hannunku.

9. Abin da ido yake gani shi ma yana magana

Share bayanan ɓoye rabin aiki ne. Wanda ya san gari ba ya buƙatar lambobi in hoton da kansa ya nuna masa hanya. Kafin ku tura, ku ƙara girman hoton ku dubi bayan abin da kuka ɗauka:

- allon shago, sunan makaranta, hasumiyar masallaci ko tankin ruwa da aka sani;
- lambar mota ko ta babur;
- takardar shaidar ɗan ƙasa, rasiɗin turo kuɗi, ko lambar waya da aka rubuta a bango;
- fuskokin mutanen da ba su san ana ɗauka ba, musamman yara;
- madubi ko gilashin da ke nuna wanda ya ɗauki hoton.

Wasu saluloli suna buga sunansu da kwanan wata a kusurwar hoto. Akwai kuma manhajojin kyamara da ma'aikatan ayyukan raya karkara suke amfani da su, masu buga sunan gari da lambobin wuri a kan fuskar hoton. Wannan rubutu ya zama jikin hoton. Share bayanan ɓoye ba ya cire shi, sai an yanke wurin ko an rufe shi.

Domin rufe fuska ko lamba, ku yi amfani da alƙalamin zane da ke cikin WhatsApp, ku shafe wurin da launi mai kauri kafin ku tura. Mafi sauƙi kuma shi ne ku zaɓi wurin ɗauka tun farko: ku kai dabba bakin kasuwa, ku shimfiɗa kaya a kan tabarma ko gaban bango marar alama.

Ku kula da lokaci kuma. Wanda ya sa hoton tafiya yana kan hanya ya sanar da kowa cewa ba ya gida. Ku bari sai kun dawo.

10. Lokacin da bai kamata a share ba

Bayanan ɓoye ba abokan gaba ba ne a kullum. Wata rana su ne shaidarku. In dabbobi sun yi ɓarna a gonarku, ko ambaliya ta rushe ɗaki, ko an yi maku rauni, ko ana gardama a kan iyakar gona, hoton da ke ɗauke da rana da wuri ya fi ƙarfi gaban maigari, ko hukumar kula da filaye, ko alƙali. Haka nan in ƙungiya tana son nuna cewa an gina rijiya a wurin da aka yi alkawari.

A irin wannan hali, ku kunna wuri da gangan, ku ɗauki hoton, sannan ku kashe. Ku ajiye na asali ba tare da kun taɓa shi ba, ku ba da shi ga hukumar da abin ya shafa kaɗai. Wanda za a raba wa jama'a ya zama kwafin da aka share. Ƙa'idar ita ce: na asali a gida, kwafi a waje.

11. Hoton wani amana ce

In kun ɗauki hoton maƙwabciya, ko na ɗan wani, ko na taron ƙungiya a gidan wani, wurin da ke cikin hoton ba sirrinku ba ne ku kaɗai. Ku nemi izini kafin ku ɗauka, ku faɗi inda hoton zai je. In yaro ne, a tambayi iyayensa. In mutum ya ce bai yarda ba, a bar shi. Wannan ya fi zama wajibi ga marasa lafiya, da ƴan gudun hijira, da waɗanda aka yi wa fyaɗe ko wani zalunci.

Doka ma ta san da wannan haƙƙi. A shekarar 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri na mutane, wadda ta tanadi wata hukuma mai suna HAPDP domin kula da wannan aiki, aka kuma sabunta dokar a 2022. Hoton mutum da wurin zamansa suna cikin abubuwan da irin wannan doka take karewa. In wani ya yi amfani da hotonku domin yi maku barazana ko neman kuɗi, kada ku goge saƙonninsa. Ku ajiye su, ku sanar da ƴan sanda ko jandarmomi mafi kusa.

Ma'anar wasu kalmomi

- *Fayil:* ƙunshin da na'ura take ajiye hoto, murya ko rubutu a cikinsa.
- *Bayanan ɓoye:* rubutun da ke cikin fayil wanda ba ya fitowa a fuskar hoto.
- *EXIF:* tsarin da kyamarori suke bi wajen rubuta waɗannan bayanai.
- *GPS:* tsarin taurarin ɗan Adam da ke nuna wuri.
- *Manhaja:* shirin da ake sa wa salula ko kwamfuta domin ta yi wani aiki.
- *Hoton allo:* hoton abin da allon salula yake nunawa.

Abin riƙewa

1. Yau ɗin nan ku buɗe hoto guda ku duba ko akwai wuri a cikinsa.
2. Ku hana kyamara sanin wuri, sai ranar da kuke buƙatar shaida.
3. Kafin ku tura wa wanda ba ku sani ba, ku yi hoton allo ko ku share bayanan.
4. Kada ku tura hoto a matsayin «Document» ba tare da kun share shi ba.
5. Ku dubi bayan hoton da gefunansa kafin ku danna turawa.
6. Ku nemi izinin duk wanda fuskarsa ko gidansa ya fito.

In kun iya, ku nuna wa mutanen gidanku, musamman matasa da mata masu sana'a, domin su ne suka fi tura hotuna.